Gansakukar da Inna Ta Kawo

Maigidana ya yi rani uku yana zuwa ci-rani bakin teku, can bayan Ikko, a gonar wani Bayarabe mai kiwon jatan lande. Mu nan tsakanin Isa da Sabon Birni ba mu san jatan lande da rai ba, sai busasshe da 'yan kudu ke aunawa a gwangwani. Ranar da ya fara gaya mana ana haƙa wa abin tafki, ana ba shi abinci safe da yamma kamar kaji, mahaifiyarsa, wadda duk gidan ke kira Inna, ta ajiye mazarinta ta dube shi.

"Ƙwaro dai? Ka bar gonar ubanka ka tahi kiwon ƙwaro?"

"Inna, ƙwaron ga ya fi naman rago tsada."

"To Allah shi kyauta. Bayarabe ya samu Bagobiri shina yi mai kiwon ƙwari. Da kakanka na da rai sai ya sake mutuwa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Haka suke shi da ita, kullum cikin tsokana. Ni ina gefe ina tankaɗe, ba na sa baki. Shekarata bakwai a gidan, ban taɓa ɗaga ido na dubi tsakiyar idon Inna ba.

Da ya dawo rani na uku sai ya ce ya gama da kudu. Jatan lande ba ya rayuwa a ruwanmu, amma tarwaɗa tana yi, kuma ya ce hannun da ya iya wancan zai iya wannan. Ya haƙa ramuka biyu a fadama kusa da gulbi, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa. Abincinsu ni nake haɗawa a gida: ƙuli-ƙuli, dusa, da garin ƙananan kifi. In daka, in tankaɗe, in kwaɓa, in matsa ta cikin wani gwangwani da ya huhhuda da ƙusa, ya fito zara-zara, in shanya, in gutsuttsura. Mun yi shekara biyu cikin rufin asiri. A ciki na haifi ɗiyarmu, kuma yana gida aka yi suna, abin da bai saba samu ba, don duk hidimar dangi a da tana wucewa yana can.

Sai fari ya zo. Shekarar farko ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Ta biyu sau uku ana shuka, sau uku tana ƙonewa. Gyaɗa ba ta yi ba sam. Ƙuli-ƙulin da nake dakawa kifi ya zama abin da ake ba yara su jiƙa da ruwa su kwana da shi. Dusar da muke zuba wa awaki mata suka koma tankaɗe ta suna tuƙa tuwo. Gulbi ya yanke, ya zama gurabe nan ɗaya can ɗaya, tsakaninsu yashi. Ramukan fadama suka koma taɓo, daga baya taɓon ma ya tsattsage.

Kafin su ƙafe gaba ɗaya ya kwashe kifin ya kai kasuwar Isa. Guda tara ya rage, manya, mata shida maza uku. Ya gina musu ɗan tanki na siminti a tsakar gida, gefen rijiya, inda inuwar darbejiya ke kaiwa da azahar. Ya koya mini bambanta su: macen cikinta a cike yake da laushi, namijin siriri ne. Ya ce in sabon ruwa ya sauka, aka sa su a rami marar zurfi mai ciyawa, su da kansu za su yi ƙwai, mace ɗaya ta isa ta cika ramukan nan biyu da 'ya'ya.

"Waɗanga su na irinmu," ya ce. "In sunka kai damina, mun tsira. In sunka mutu, sai in koma Ikko."

Tun daga ranar ba mu da wata magana a gidan da ta wuce kifi tara. Ruwa akwai, ko da yake rijiyar sai an ƙara wa guga igiya. Abinci ne babu. Tarwaɗa ba akuya ba ce da za ka ba ta kara ta haƙura. Tana son abu mai maiƙo, mai gina jiki, ga shi mutanen gari ma ba su samu ba.

Wata safiya yana zaune bakin tankin sai ya ce ya tuna wani abu. A gonar Bayaraben nan, da garin kifi ya yi tsada, sai aka fara kawo wani koren gari ana haɗawa a abincin jatan lande. Ya tambaya, aka ce masa gansakuka ce, ana nomanta a tafki na musamman, a busar, a niƙa. Ya ce a lokacin ya yi wa maigidan nasa dariya, ya ce Yarbawa ba abin da ba za su ci ba, har ƙwarinsu sun koya wa cin dattin ruwa. Amma da idonsa ya ga jatan landen sun ci, sun girma.

"Tasu ta gona ce, tamu ta Allah," ya ce. "Za ni gwadawa."

Akwai wani gurbi mai zurfi da bai ƙafe ba, tafiyar kamar awa ɗaya daga gida. Kullum bayan ya karya sai ya ɗauki buhu da sanda ya tafi. Kafin rana ta take ya dawo, wandonsa jiƙe har cinya, buhun yana ɗiga. Abin da ke ciki ya riga ya wanke ya matse tun can, ya zo dunƙule-dunƙule kamar jiƙaƙƙen zare. Mu warware, mu shanya a kan zana. Ni ban taɓa zuwa gurbin ba. Ban san yadda take a cikin ruwa ba, ban san inda yake ɗiba ba. Ilimina ya fara ne daga bakin buhu.

In ta bushe takan zama kamar audugar da aka rina kore, ga wuyar daka. Ta naɗe taɓarya, ta ƙi zama gari. Sai na yayyanka da wuƙa, na murza tsakanin tafin hannu, sannan na mayar turmi. Na sha yi masa mita.

"Malam, wagga aba za ta tsinke min kafaɗa."

"Haƙuri za ki yi. In kifinki sunka haihu ki sayi injin niƙa, ki riƙa yi muna yanga."

Yakan biya mahauta ya roƙi jini, mu dafa, mu busar, mu daka. Mudun gansakuka, tafin jini, tafin dusa, a ɗaure da kunun rogo. Kwana uku kifin suka ƙi ci. Ran na huɗu babbar macen ta taso ta haɗiye ɗaya, sauran suka bi. Ya ce ba ta sa ƙiba, amma tana riƙe rai. Duk Juma'a yakan kamo su ɗaya ɗaya ya auna a tafin hannu, ya taɓa cikin matan, ya mayar. Maƙwabta suka sa masa suna mai miyar kwaɗi. Bai damu ba. Har Inna ta daina tsokana, ta koma leƙa tankin in za ta yi alwala.

Haka muka ci hunturu. Da bazara ta kama, sanƙarau ya shigo garuruwanmu. Ran Talata ya dawo daga gurbi yana cewa kansa na sara. Laraba wuyansa ya ƙage. Aka ɗauke shi a mota zuwa asibiti a Isa. Kafin a fita da shi ya kira ni, ya ce kada in bar kifin da yunwa, kada kuma in cika musu, ruwa kuma duk kwana uku in sake rabi. Bai yi maganar komai ba bayan wannan. Ran Juma'a da hantsi ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Mahaifina ya aiko cewa in na fita sai in koma gida Isa, tunda ba namiji a gidan, ba kuma hatsi a rumbu. Na aika masa cewa in kifin suka kai damina ina da abin da zai riƙe ni da ɗiyata da Inna, a bar ni a ɗakina. Ya ce to, a ga damina.

Busasshiyar gansakukar da ya bari ta kai mu kwana ashirin. Da ta kusa ƙarewa na sa aka tambayi limaminmu, ya ce mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama. Na gaya wa Inna a hankali, kaina a ƙasa.

"Ba a gidan ga ba," ta ce. "Ɗana ko arba'in bai yi ba, a ga matatai bakin gulbi tana tattara zane? Ke zamna. Ni za ni tahiya."

"Inna, gwiwarki."

"Gwiwar ga ta kai ni Maraɗi da ƙasa tun ba a haihe ki ba."

Washegari ta ɗauki ƙwarya da ludayi ta fita. Ba ta dawo ba sai da aka kira azahar. Ta sauke ƙwaryar a gabana, cike da wani abu mai kauri, kore shar, kamar fenti. Ba zare ko ɗaya a ciki.

"Ɗan ga nawa wahala kawai yaka so, Allah shi jiƙan shi," ta ce tana haki. "Ga abu saman ruwa, iska ya tara shi gefe guda, ludayi kawai za ka sa ka kwasa. Shi ko sai ya kutsa ruwa har cinya da sanda."

Na dubi ƙwaryar. Warinta ba irin wanda na sani ba ne. Tasa tana warin ciyawa da ruwa, wannan tana warin abin da ya kwana a rufe. Magana ta zo mini har baki. Sai na dubi ƙafafun Inna, faso ya buɗe yana tsattsafar jini, ƙura har ƙwauri. Tun ranar da aka kai ɗanta ba ta haɗa kalma goma ba, ga ta yau tana magana, har tana yi masa tsokana kamar yana nan. Kuma suruka ce. Ban san da wane baki zan ce mata ba haka ba ne. Na ce wa raina ai ban taɓa ganinta ɗanya a ruwa ba, wataƙila wanki da matsa ne ke mayar da ita zare.

Na ce, "Sannu, Inna. Allah shi saka."

Na zuba a faifai na shanya. Ta bushe ta zama ɓawo-ɓawo, gefenta da ɗan shuɗi. Na sa a turmi, bugu uku ta zama gari. Wannan ma sai in faɗa, tunda gaskiya na zauna rubutawa: na ji daɗin sauƙin dakan. Jikina a mace yake a kwanakin nan, na ga kamar Allah ne ya rage mini aiki.

Kwana huɗu kifin suna ci. Inna kullum tana zuwa tana dawowa da ƙwarya cike. Ran na biyar na tarar da abincin safe yana yawo saman ruwa ba a taɓa ba. Ran na shida biyu daga cikin matan suka tsaya a tsaye cikin ruwa, baki sama, ba sa gudu ko na kai hannu. Na zaci ruwa ne. Na yi ta jan guga har rijiyar ta fara kawo laka, na sake musu ruwa duka. Ran na bakwai da safe, bayan Inna ta fita, na tarar da mace ɗaya ta juya ciki. Na ɗauko ta na fede. Ƙwai cike, har yana zubowa. Hantar kuwa ta yi fari, ina taɓawa tana narkewa a yatsa.

Ina tsugune a kanta aka yi sallama. Wani Bafulatani makiyayi ne, dattijo da muke kira Baffa, abokin maigidana, ya daɗe da shanu wajen iyaka, sai yanzu labari ya same shi ya zo ta'aziyya. Ya zauna daga bayan zanar da ta raba zaure da tsakar gida, ni ina daga ciki. Ya yi addu'a, na amsa. Sannan ya ce:

"Uwar gida, mi na na wanga da kika shanya bisa danga?"

Na ce abincin kifi ne, gansakuka, daga gurbin da marigayi ke zuwa.

"Miƙo in gani."

Na tura faifan ta ƙarƙashin zana. Na ji ya shinshina, na ji ya ajiye da sauri.

"Subhanallahi. Kin ba su?"

"Kwana bakwai ke nan, Baffa."

Sannan ya ce shekaranjiya awakinsa uku da maraƙi ɗaya suka sha daga gefen da iska ke tara abin nan, kafin la'asar duk sun faɗi. Ya ce su makiyaya in ruwa ya tsufa ya yi wannan rigar, da sanda suke korar shanu, ko suna kukan ƙishirwa.

"Mijinki ya sani. Na sha iske shi can. Sanda yaka sawa. Wadda tat taso rataye ga sanda kamar gashi, ita yaka ɗiba. Wadda ta zame ta bar sanda da launi, ko ƙafa ba ya sawa wurin. Wa ka kawo miki wagga?"

Na jawo faifan ta ƙarƙashin zana. Ya tambaya ina Inna, na ce ta fita tun safe, ina jin ya gane, don bai sake tambaya ba. Ya ce kada kowa ya ci wadda ta mutu, ko kare. Ya ce zai riƙa kawo mini mai zaren muddin yana kusa.

Na binne kifin da garin da ya rage a bayan banɗaki kafin Inna ta dawo. Da ta shigo na karɓi ƙwaryar da hannu biyu kamar kullum, na yi mata sannu. Da ta huta na ce mata Baffa ya zo gaisuwa, ya ce hanyarsa ce, shi zai ɗauke mata zuwa gurbi.

"Ashe nawa bai yi ba?"

"Ya yi, Inna. Gwiwarki nika ji."

"Fulani da shisshigi," ta ce. Ta shiga ɗaki. Na jira ta yi barcin rana na binne ƙwaryar ranar ita ma.

Ya cika alkawari. Kwana goma yana ajiye buhu a zaure, har ciyawa ta ƙare masa ya yi kudu da shanunsa. Na koma yanka da murza da daka mai tsinka kafaɗa. Na rage dusar tuwonmu na ƙara musu. Na fasa gidan gara a gindin katanga na zuba musu. Amma abin ya riga ya shiga jikinsu. Ba tare suka mutu ba, da ya fi sauƙi. Yau ɗaya, bayan kwana biyar ɗaya. Wata ta fara ci har in sa rai, sai in wayi gari ta juya. Na ce wa Inna ciwo ne ya shige su, ba a cin mai ciwo, kowacce na kai bayan banɗaki. Matan suka riga tafiya, ban san dalili ba, ko don nauyin ƙwai ne. Namiji ɗaya ya bi su.

Babbar macen ita ta daɗe. Ta rame har kanta ya fi jikinta girma, amma tana tasowa in ta ji motsina. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma, yana watsewa. Ina ƙirga kwanaki, ina cewa ko mako uku ta ƙara. Wata Asabar na fito da abinci na tarar da Inna zaune bakin tankin, ta riga ni gani. Ta tsamo ta da kanta ta ɗora a kan faifai.

Na zauna kusa da ita. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Ɗiyar ga, ko abin da nika kawowa na?"

"Zafi na, Inna. Bana ko ruwan rijiya tafasa yakai."

Ta juyo ta dube ni. Ranar ce kaɗai na bari idona ya haɗu da nata, don na san in na sunkuya ta gama ganewa. Ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, "To." Ba ta sake tayar da maganar ba.

Ruwa ya sauka bayan kwana goma sha tara. Ya yi kamar da bakin ƙwarya, gulbi ya haɗe, ramukan fadama suka cika har suka tumbatsa. Ina jin mutane suna wucewa da sungumi da iri suna murna. A tankina akwai maza biyu, sun warke, suna ci kamar ba abin da ya faru. Maza biyu ba sa cika rami. Na sa aka tambaya ko akwai mai macen tarwaɗa babba a garuruwan kusa, aka ce duk wanda ke da ita ya cinye tun bara.

Da na fita takaba mahaifina ya aiko ranar da mota za ta zo. Ƙanwar Inna da ke Kurawa ta ce za ta ɗauke ta. Ana gobe za mu rabu, wata maƙwabciya da ta zo taya ni ɗaure kaya ta leƙa tankin ta ce ai sai a yanka su a yi miya, a yi sadaka wa mai gidan, gidan da ya yi wata da watanni bai ga nama ba. Ban yarda da namansu ba, kuma ba ni da hanyar faɗin dalili Inna tana zaune.

Inna ce ta amsa, tana tsinke zare daga bakin zanenta.

"Kada a ci su. A mayar da su gulbi."

Maƙwabciyar ta ce ikon Allah, ana yunwa ana zubar da kifi. Inna ta ci gaba da tsinke zarenta. Ni kuwa ban tambaye ta dalili ba, har ta bar duniya.

Da hantsi na zuba su a bokiti, na goya ɗiyata, muka tafi mu uku. Inna tana gaba tana ɗingishi, ta kai ni har wurin da gurbin yake. Ba a gane shi. Jan ruwa ne kawai ke gudu daga wannan gaɓa zuwa waccan, ɗauke da karare da kumfa. Na tattara zane na shiga har gwiwa na karkata bokitin. Ɗaya ya fice nan take. Ɗayan ya ƙi fita, sai da na tura shi da hannu.

Muka dawo gida a hankali saboda gwiwarta. Motar Isa ta zo bayan azahar.